Almakashi a Aljihun Darla

A garinmu na bakin tafki a jihar Minnesota ta Amurka, duk jirgin shaƙatawar da ka gani, irin mai faɗin nan da ke zaune bisa bututu biyu, Darla Rustad ce ta ɗinka masa riga. Tamfol take yankawa daidai jikin kowane jirgi, ta jera masa maɓallai, ya ɗame kamar ganga, ko ɗigon ruwa ba ya shiga. Tun tana amarya take kan keken ɗinki, yanzu kanta ya yi fari fat. Lokacin zafi jama'a na kan ruwa suna gasa nama, ita tana shago. Ni dai abin haushi yake ba ni.

'Yarta Kristi ta gyara mata ɗaki a Arizona, kullum sai ta bugo waya. "Mama, sanyi ya gama da yatsunki, ki taho ki sha rana mana." Bana Darla ta rantse, daga rigar jirgin maƙwabcinmu Lindgren ta ajiye aiki.

Ranar gwajin rigar ta rarrafa cikin jirgin, ƙarƙashin tamfol, don ta kafa sandunan da ke ɗaga shi, kada ruwan sama ya kwanta. Mijinta Vern yana waje yana danna maɓallai. Shi kuwa kunnensa sai a hankali. Ya ɗauka ta fita ta baya, ya danne na ƙarshe, ya ja mota ya tafi shan kofi.

"Vern. Kai Vern, tsohon banza, ina ciki fa."

Ta tura da hannu, ta tura da kafaɗa, ko gezau. Ita da kanta ta zaɓi maɓallan da ba sa buɗuwa sai ta waje, don kada iska ta ɓalle su.

Rana ta take, ciki ya zama tanda. Almakashinta yana aljihu. Da bakinta ta gaya mini cewa ta fito da shi, ta ɗora tsininsa kan tamfol, hannu ya ƙi. Ta zauna a kujerar matuƙin jirgin tana gumi tana hawaye, tana bin layin ɗinki da ido, har ta hango inda zare ya ɗan karkace, ta sa a ranta za ta gyara. Da na ji haka tausayinta ya kama ni.

Can Vern ya dawo, ya ji bugu, ya ɓalle maɓallan.

"Au, kina ciki? Me ya hana ki yankawa?"

"In yanka aikina? Kanka ɗaya kuwa?"

Ya miƙa mata ruwa yana sosa ƙeya. "Na haɗu da wani a wurin kofi, ya sayi sabon jirgi. Na ce masa ai kin daina."

Darla ta shanye ruwan.

"Ƙafa nawa ne tsawonsa?" ta ce.

Da yamma Kristi ta bugo, Darla ba ta ɗauka ba.