Hannun da na ƙi kamawa a bakin teku

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sai in yi ta neman carbi alhali yana rataye a wuyana. Amma kwana shidan da muka yi a wani tsibiri a tsakiyar teku, ni da ɗana na fari da matarsa da 'ya'yansu biyu, wannan kam ba zan manta da shi ba sai ranar da aka tura mini ƙasa. Gara in faɗa tun yanzu don kada ku zaci labarin shaƙatawa zan ba ku. Tafiyar bankwana ce. Shi ya sani, matarsa ta sani, ni ce ban sani ba sai da kwanakin suka kusa ƙarewa.

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina sayar da kayan yaji a kasuwar Samaru, in yi sari a Sabon Gari in dawo in baje. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin wata ta fi ni don ta yi ba. Abin da aka san ni da shi a unguwa biyu ne: tsabtar yajina da kunyar ɗan fari. Ina yaye yaron nan kakarsa ta ɗauke shi zuwa Shika, can ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa kallon tsabar idonsa ba. Ya yi karatu ya zama malami a jami'a, yana zuwa rumfata da motarsa ya durƙusa a gaban mutane ya gaishe ni, ni kuwa in amsa ina kallon mudun barkono. Zuciyata kamar ta fashe don daɗi, amma fuskar nan ko gezau. Mata na nuna ni ga 'ya'yansu suna cewa ku koyi kara a wurin Hajiya, ni kuma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Da ya haifi 'ya mace ya sa mata sunana, shi ya sa yake ce mata Ummi. Ta zama gadarmu. Duk abin da yake son gaya mini sai ya gaya mata, ni ma haka. Ranar da ya zo da maganar tafiyar, daga bakin ƙofa ya zauna ya ce, "Ummi, tambayi Hajiya ko za ta raka mu ganin teku." Na ce, "Takwara, ce masa wa zai tsare mini rumfa?" Ya ce an riga an yi magana da 'yar ƙanwata. Na lura ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma abin da na yi kawai shi ne na ja matarsa gefe na ce ta riƙa dama masa fura.

Tun a filin jirgi raina ya fara ɓaci. Wani ma'aikaci ya turo keken da ake ɗora marasa ƙarfi ya tsaya a gabana, wai an yi mini oda. Na ce ni da na yi ɗawafi da ƙafata, na yi jifa da ƙafata, yau za a tura ni kamar buhun citta? Na wuce abina. Da na waiwaya na ga baban yaran ya dafa keken yana turawa wofi, a hankali, kamar mai taimakon ma'aikacin. A lokacin na ce a raina son aiki ne irin nasa.

Tsibirin kam Allah Ya yi halitta. Ruwa shuɗi har inda ido ya gaza, yashi fari kamar garin rogo, bishiyoyin kwakwa ko'ina, mutanen yawancinsu Musulmi, ana kiran salla kamar a gida. Masaukinmu ɗakuna ne a ƙasa, babu bene, babu matakala ko ɗaya. Baban yaran yana da wata takarda da ya rubuta abin da za a yi kullum, takwarata ce ke karanta mini. Komai an auna shi: fita da sanyin safiya, tafiya kaɗan, zama a inuwa, dawowa kafin azahar a kwanta. Ranar farko yara suka gina gidajen yashi ni ina zaune a kujera. Rana ta biyu aka kai mu wurin wasu manyan kunkuru, kowanne kamar turmin da aka kife, ana ba su ganye a baki. Jikana namiji, wanda nake kira maigidana, ya nuna mafi tsufa a cikinsu ya ce, "Hajiya, ga sa'arki, ku gaisa." Na ce, "Ya fi ka kyau dai, shi zan aura in bar ka." Uban ya yi dariya daga bencin da yake zaune. Kullum akwai benci, kullum yana kansa. Ni kuwa na ɗauka gadina yake yi don kada in gaji, sai abin ya riƙa cina. Ni aka mayar tsohuwar da ake lallaɓawa?

Rana ta uku aka kai mu gonar kayan yaji. A nan ne na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Shekara arba'in ina auna kanumfari, ban san itace ne dogo mai ganye lif-lif ba. Masoro kuma ashe yaɗo yake yi yana hawa jikin wata bishiya. Mai yi mana jagora yana da wasan da yake yi wa yara da tsofaffi: a rufe ido, ya murza abu ya kai maka hanci, ka faɗi sunansa. Ai kuwa ya gamu da gamonsa. Kafin ya kai hannu nake faɗa, surukata na fassara masa. Wasu Turawa tsofaffi da ke tare da mu suka yi ta tafi, aka saƙa mini hular ganyen kwakwa aka ɗora a kan ɗankwalina. Kaina ya kumbura. Sai na tambaya ina itacen kirfa. Mutumin ya ce yana can saman tudu, hanyar da nisa, kuma an ce masa gajeriyar hanya kaɗai za a bi da mu.

Na juya wurin takwarata, na ɗaga murya yadda uban zai ji. Na ce, "An ɗauko ni tun daga Samaru, an haye teku da ni, an zo gindin abin da na ci abinci da shi duk rayuwata, sannan a ce ba zan iya hawa ɗan tudun nan ba. To madalla." Surukata ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya miƙe ya ce, "Ummi, ce wa Hajiya mu je." Muka hau. Ni ce a gaba, ina taku kamar mai zuwa biki, don in nuna musu. Na ga kirfa, na ɓantari ɓawonta na sansana. Da muka sauko fuskar baban yaran ta yi fari fat kamar an shafa toka, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Washegari bai fito daga ɗaki ba.

Da la'asar ɗin ranar ina zaune a baranda ina jan carbi surukata ta zo ta durƙusa. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, amma ranar ta dube ni. Ta ce, "Hajiya, ya hana ni faɗa, amma ba zan iya ba. Ba don ke aka zaɓi gajeriyar hanya ba. Keken filin jirgi ma da kin hau da an kawo masa nasa, ya ce ba zai hau ba ke kina tafiya da ƙafa." Na ce mene ne? Ta ce ciwon daji ne a hanji, ya riga ya bazu, likitoci sun ce watanni ne. Ta ce, "Ya zauna ya yi ta neman wurin da tsofaffi da yara za su iya komai tare, don ya san shi ma iyakar ƙarfinsa ke nan. So yake ku zauna wuri ɗaya, ko sau ɗaya, ba a gaban mutanen gida ba. Ya ce a nan babu wanda ya san ku, wataƙila za ki sake."

Ban ce mata komai ba sai innalillahi. Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ɗakinsa na jikin nawa, ina jin tarinsa ta bango. Taku nawa ne? Bai kai goma ba. Na sa takalmi na cire, na sake sawa. Daga ƙarshe na kira takwarata na ba ta citta da kanumfarin da na tsinko na ce a dafa wa babanta. Kwana ɗaya cikin shida na riga na cinye masa da bakina, na biyar ma ya tafi a kwance.

Rana ta ƙarshe ya tashi da ɗan ƙarfi. A takardarsa an rubuta shiga jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa, wanda ake zama a ga kifi ba tare da an jiƙe ba. Tun da asuba na yi niyya. Na ce yau zan zauna kusa da shi, in kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, in ce ya yafe mini tudun nan. Har maimaitawa na yi a kan sallaya, sunan ya yi mini nauyi a baki kamar dutse, amma ya fito.

Ruwa ya ja baya da safen, don haka sai an taka cikinsa zuwa gwiwa kafin a kai jirgin, sannan a hau wani ɗan tsani. Yara suka haye da gudu, uwarsu ta bi su. Shi ya hau a hankali, ya juyo, ya dafa ƙarfe da hannu ɗaya ya miƙo mini ɗayan. Bai ce Ummi ba. Ya ce, "Hajiya, kawo hannunki." Ina ganin hannun har yanzu, ya bushe, agogo na yawo a tsintsiyarsa. A gefensa matuƙin jirgin ma ya miƙo nasa, wani baƙon mutum da ban san daga inda ya fito ba. Wallahi ban yi shawara ba. Hannuna ne ya tafi da kansa inda ya saba, ya kauce wa ɗana ya kama na baƙo. Shekara hamsin na horar da shi, ranar ya nuna mini ya koyi karatun.

Ya ɗan tsaya da hannun a miƙe, sannan ya mayar da shi aljihu. Ya matsa ya bar mini wuri a kusa da shi a benci, na zauna a ɗaya gefen, yara a tsakaninmu. Kifaye masu launi iri-iri na wucewa ƙarƙashin ƙafafunmu, yara na ihu, ni ban ga komai ba sai inuwarsa a jikin gilashin. Ta nan na kalle shi, kallon da ban taɓa yi masa ba, shi ma ta nan yake kallona. Rana ta fara zafi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Takwara, ce wa babanki ya rufe kansa." Ya yi murmushi ya ɗora tawul a ka ya ce, "Ummi, ce wa Hajiya na gode." Iyakar hirarmu ke nan a tsibirin.

Na ce in mun koma gida zan gyara. A gida kuwa ga ƙannensa, ga dangin uba, ga maƙwabta masu zuwa dubiya, kowa ya san Hajiya da kara. In na je sai in tsaya a falo in tambayi matarsa yaya mai jiki. Wata biyar ya yi. Ranar da aka ce in shiga, na shiga, na kira sunan har sau uku, amma ya riga ya yi nisa, ban sani ba ko ya ji. A zaman makoki na zauna idona a bushe kamar yadda aka san uwar ɗan fari, ina jin wata tana raɗa wa ta kusa da ita, "Kin ga mace, ko ɗigon hawaye." Da can irin wannan magana ke sa ni ƙiba. Ranar ji na yi kamar an watsa mini barkonon rumfata a ciki.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka raine mu, kuma har gobe ba na son yaro marar ta ido. Amma na gane wani abu da latti: kunyar da nake yi ba don shi nake yi ba, don masu kallo nake yi, har ta kai ko babu mai kallo ba na iya sauke ta. Yabon da na tara shekara hamsin bai ɗauke mini nauyin safiyar nan ɗaya ba. Ke mai ɗan fari, ki yi kararki a gaban jama'a in kina so, amma ki bar wata 'yar ƙofa da ke da shi za ku riƙa bi tun yana da lafiya. In kin bari sai ranar buƙata, za ki tarar jikinki ba ya jin maganarki.