Kifin da Baba ya roƙa

A ciwon ajalinsa, abu ɗaya Baba ya roƙa: ɗorawa. Wani kifi ne na kogin Kwara, jikinsa ruwan ɗorawa, da 'yan gashin baki huɗu. A bakin kogi Baba ya tashi, can Malanbil, kuma shekarun da ya yi a Zangon Kwatano ba su sa ya yarda kifin teku kifi ne ba.

Ƙanena direban kamiyo ne, babbar motar kaya, hanyar arewa yake bi. Na ce ya taho da shi. Ya bugi ƙirji ya ce, "Yaya, an gama."

Bayan kwana shida ya kawo busasshen kifi a ƙunshe, duk an cire kawunan. Na ce, "Kai, ina kawunan?" Wai sun farfashe a hanya. Ni kuwa haihuwar Zango ce, ban taɓa ganin ɗorawa ba, na yarda. Na yi miya, na kai.

Idon Baba ya riga ya tafi a lokacin. Ya sa yatsu yana laluben tsokar, don an ce ɗorawa cike take da ƙananan ƙayoyi masu reshe. Ya lalube, ya sake lalubewa. Ya kai loma ɗaya, ya ce, "Allah ya yi muku albarka." Ya ture kwanon. Ni wawuya har daɗi na ji, na ɗauka ciwo ne ya hana shi ƙarawa.

Ranar sadakar uku, uwar yarinyar da ƙanena ke nema ta zo gaisuwa daga unguwar Sainte-Rita. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, mun ga kifin da kuka aiko mana. Mai gashin bakin nan! Maigida cewa ya yi bai taɓa cin irinsa ba."

Ashe ƙanena ya sayo ɗorawar! Ya kai gidan surukai don a ce yaro ne mai kirki, mu kuma ya tsaya kasuwar Dantokpa ya haɗa mu da na teku.

Na ce mata ba komai. Da ta fita na tare shi a zaure, mutane na ji. Bai ko musa ba. Cewa ya yi, "Haba Yaya, ai Baba ba ya gani."