Ranar da Na Kai Malama Ganin Ganuwa

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar Asabar abin ya fara lalacewa. Na san lokacin domin na saci kallon agogon Malama, sa'ad da muka isa ƙofar gidan tarihi na Argungu muka tarar da kwaɗo a jiki. Duk shirin da na yi, ban tambayi kowa ko ana buɗewa ranar ba.

Malama 'yar bautar ƙasa ce daga Ikko. Ita ke koya mana tarihi a makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Wata rana ta kawo hotunan garinsu: tsohon bene mai tagogin katako, hasumiya mai fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, da bakin tekun da aka riƙa loda bayi. Ta ce duk baƙon da ya je sai an kai shi. Sai ta tambaya, mu fa, me muke nuna wa baƙo? Ni da ba na ɗaga hannu ko na san amsa, sai na ji bakina ya ce, "Argungu akwai ganuwa." A littafi na karanta. A garin aka haife ni, amma ban taɓa zuwa na gan ta ba. Ta ce to, ranar fita zan kai ta.

Mako biyu ina shiri. Na tsaga takarda da rula, na rubuta wurare uku, kowanne da tarihinsa da mintocin da za mu yi a wurin. Tsorona ɗaya ne: kada ta koma Ikko ta ce garinmu ba komai.

Na soke gidan tarihi daga takardar, muka gangara Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Damina ce. Ruwa ya haye fadama, ba masunta, ba gora, ba homa, sai shinkafa kore shar da wani kwalekwale a ɗaure. Malama ta ɗaga kyamara, ta sauke ba ta ɗauka ba. Da faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi.

Saura ganuwa. Muka bi inda littafi ya ce take. Gidaje kawai. Na tambayi wata mai soya kifi, ta ce, "Ke da maganarki ta 'yan gari, ni kika tambaya?" Takalman Malama sun cika da laka. "Ba komai, sannu," take ta cewa, iyakar Hausarta ke nan. Takardata ta jiƙe da gumin hannuna har tawada ta narke.

A ƙarshen wani lungu muka iske tsoho yana yaɓen katangar da ruwa ya zaizaye. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙe na jingina da bango.

"Baba, don Allah ganuwa muke nema."

"Ɗiyar wa ta?"

Na faɗi sunan kakana.

"Af! Jikar mai homa? Kin yi boko kin ɓace cikin garinku!" Ya yi dariya har da tari.

Malama ta dube ni tana jiran fassara. Na sake tambayarsa, ina ganuwar take?

Ya goge laka a gefen riga.

"Ai mun kwashe ta, ɗiyata. Ƙasa ta mai kyau, ta sha ruwa ta sha rana. Duk wanda za shi aure, nan yaka ɗibar ta ɗaki. Ga ta nan kin jingina da ita. Ɗakin da anka haihe ki ma, da jakina anka kai."