Motar Tsere a Bayan Rumbunmu

Na ga abubuwa da yawa a rayuwata ta kanikanci, wasu sun shuɗe kamar ba a yi ba, amma shekarar da na kwance motar tsere a bayan rumbun gidanmu ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin saura 'yan shekaru a samu mulkin kai, ina aiki a garejin wani kamfanin haƙar kuza a Riruwai. Na iya ɗaure noti da canja taya, amma ba a taɓa bari na buɗe cikin inji ni kaɗai ba. Baturen da ke kula da garejin yana da wata 'yar mota ja mai kujera biyu, ba rufi, wadda yake zuwa tsere da ita Jos. Wata rana ta ɗau zafi a filin tseren, injin ya kama, aka jawo ta aka yar a gindin ɗorawa. Da kasuwar kuza ta faɗi aka sallami da yawanmu har da ni, shi ma zai koma ƙasarsu. Na ce ya bar mini ita. Ya yi dariya, ya ce ta riga ta mutu, amma in ɗauka.

Wata babbar mota mai zuwa Kano ta sauke ni da motar a bakin hanya kusa da Doguwa, mutanen ƙauyenmu suka taya ni turawa. Zaure ya yi mata kaɗan, sai da muka ɗage dangar baya. Mahaifina malami ne kuma manomi, ba ya son magana biyu. Ya zagaya ta yana riƙe da carbinsa.

"Wannan fa?"

"Mota ce, Baba. Gyarawa zan yi."

"Na ga mota ce. To, ji nan. Kana da rani gaba ɗaya. Ranar da aka yi ruwan shuka, in ba ta tashi ba, ka ɗauki fartanya kamar kowa."

Na ce na yarda.

Washegari na shimfiɗa tabarmi na fara kwancewa. Na cire kujeru, na cire lagireto, na sauke giya. Injin kuwa sai da muka kafa itace uku muka ɗaga shi da igiyar rijiya. Inna ta ba ni tsofaffin ƙorai, kowane sashe da ƙwaryarsa, don kada notin wannan ya shiga na wancan. Da na buɗe kan injin sai na ga ɓarna. Fistin biyu sun manne, tsatsa ta ci ko'ina, ga gidan zanzaro a cikin kafireta. Na jiƙa fistin ɗin da kananzir, kullum in ɗan buga da guntun itace, har suka saki.

Ba wanda zan tambaya. Abin da na rasa, a ƙafa nake komawa Riruwai in tona juji inda ake zubar da matattun injuna. Sifirin na baya ya karye, kawuna maƙeri ya ƙera wani. Ya kuma ba ni fallen jan ƙarfe, na yanka abin da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da jikinsa don kada ruwa ya haɗu da mai.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas sa'ad da na gama haɗawa. Jama'a suka taru. Na sa ƙarfen tayarwa na murza, na murza, injin ya yi tari, ya kama, ya mutu. Na zaro ma'aunin mai, sai na ga ya yi fari kamar nono. Ruwa ya shiga. Yankan da na yi bai zauna ba, dole a sake kwance komai. Mutane suka watse suna murmushi. Ba a rufa mako ba aka sheƙa ruwan shuka.

Washegari Baba ya yi shirin gona. Da asuba na ɗauki fartanya na bi bayansa. Amma alkawarinmu bai ce in daina ba, ya ce in yi noma ne. Sai na yi wa motar rumfar zana. Kullum in mun taso daga gona, in yi sallar la'asar, in shiga rumfar da hannuwa duk sun yi kanta. Na shafa wa kan injin baƙin tukunya na goga a kan gilashin motar, don in gano inda ya lanƙwashe, sannan na riƙa wasa shi da dutse kaɗan-kaɗan. Da ya daidaita, na yanka sabon fallen jan ƙarfe, na fara sake haɗawa. Wani lokaci yatsuna ba sa iya riƙe sifana. Inna takan leƙo ta ce, "Ɗan nan, ka tausaya wa kanka mana." In ce, "Saura kaɗan, Inna." Haka muka yi har damina ta wuce.

Bayan an girbe dawa, wata safiya na murza, ta tashi da wani irin ruri da ya sa awaki tsinke igiya. Na bar ta tana yi, na duba mai, baƙi wuluk. Ina ɗago kai na ga Baba tsaye. Ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafa, ya shiga ya zauna.

"Ja mu gani."

Muka hau hanyar Tudun Wada. Ina tafiya a hankali saboda girmansa. Can ya juyo ya ce, "Iyakar gudunta ke nan?" Na taka mai. Ƙura ta tashi, bishiyoyi suna wucewa fuu, shi kuwa ya dafe rawaninsa da hannu biyu yana salati yana dariya. Tun da nake ban taɓa jin ya yi dariya irin wannan ba.

Da muka dawo ya fito, ya karkaɗe riga, ya dubi hannuwana ya ce, "Na ga ka yi noma ba ka yi gunaguni ba, kuma ba ka saki wannan ba. Je ka nemi inda za ka kafa sana'arka. Allah ya yi albarka."

Motar ba ta daɗe ba, hanyoyinmu sun fi ƙarfinta. Amma ita ta koya mini cewa wa'adi yana iya wucewa ba tare da aiki ya mutu ba. In ka faɗi a idon mutane, cika alkawarin da ka ɗauka, sannan ka koma ka sake kwancewa daga farko.