Baƙin Ruwa a Gindin Kwalba

Shekaranjiya jikana ya jingine babur ɗinsa a ƙofar ɗakina, ya tsiyayo mai daga tanki cikin kwalba, ya ɗaga ta yana dubawa a hasken rana. Wai babur ɗin yana tari, kuma ya tabbata mai sayar da man ne ya haɗa masa da ruwa. Na ce masa ya sauke kwalbar nan, ya bar ɗora wa bawan Allah laifi tukuna. Ya yi dariya, ya ce yaushe tsohuwa ta san inji. Na ƙyale shi. Amma ku zan gaya muku, don na taɓa ganin an ɗaga kwalba haka, kuma daga ranar gidanmu bai koma yadda yake ba.

Lokacin Nasara na mulki, ina ƴar shekara takwas ko tara, muna wani ƙauye kusa da Yekuwa. Babana tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin Turawa da jar hula, da tabo a ƙwauri, da sanin cikin mota. Bayan yaƙi aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja a Damagaram, wani attajiri na Magarya ya sayi biyu. Ɗaya tana tafiya, ɗaya kuwa gawa ce, an jawo ta ne don a riƙa yankar kayan jikinta. Ya danƙa wa Baba duka biyun, shi ne shofer, wato direba, shi ne mai gyara. Aikinsu kwasar gyaɗa daga ƙauyuka zuwa Magarya in kaka ta yi.

Kamiyo muke ce mata. Koriya ce mai duhu, doguwar ƙafa, kuma ƙafafun nan huɗu duk suna ja, shi ya sa yashin da ke kama wasu motoci ita sai ta ratsa shi tana gurnani. A gefenta akwai ƴan ramuka uku da aka toshe da dalma. Baba ya ce tsatsa ce. Babu wanda ya yarda. Mutanen gari suka ce harsashi ne, wasu suka ce gawarwaki ta riƙa ɗauka, har akwai matar da ba ta bin ƙofar gidanmu in tana da goyo.

Ƙarƙashin itacen gawon da ke ƙofar gida nan ne wurin gyara. Baba yana shimfiɗa buhu ya jera kusoshi a kai bi da bi, yadda ya kwance su, kuma kaza ma ba ta isa ta gitta ba. In ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota ya karye, sai a ciro na gawar a kai wa maƙeri ya daidaita. In gidan ruwa na gaba ya tsage, garin taba ake zubawa ya toshe. Fatar tunkiya ya sha yankawa ya sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya yi yoyo. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: isansi, wato man da take sha, ba ya shiga tanki sai an tace shi da tsohuwar jar hularsa ta soja. Ya ce hular tana riƙe ruwa da ƙasa, ta bar mai ya wuce. Wannan aikin ya ba ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, mutum mai sanyin magana, wanda ya yi karatun allo mai nisa kafin ya kama bin mota.

Sai kakata, uwar su Baba. Ita ba ta taɓa kiran motar nan da sunanta ba, sai dai ta ce "abin can". Tana da dalili. Irin wannan motar ce ta zo ta ɗauki ƴaƴanta biyu zuwa soja, ɗaya ya dawo, babban kuwa ko labarin kabarinsa ba a samu ba. Yanzu ga irinta a ƙofar gida, tana fita da biyun da suka rage mata kowace safiya.

Wata Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, ta kira ni ɗakinta. Ta ɗauko ƙaramar ƙwarya da baƙin ruwa a ciki, rubutu ne da wani malami ya wanke mata daga allo.

"Ƙawata," in ji ta, haka take kirana, "na ga ubanki yana ba abin can ruwa. Je ki ba shi wannan ya sha, ya san yana ɗauke da ƴaƴan mutane. Kuma bakinki alaikum, maza ba su san komai ba sai gardama."

Na tafi. Bakin da Baba ke zuba ruwa yana can sama a goshin mota, ni kuwa ko na yi ɗage ba na kai wa. Amma akwai wani baki a gefe, daidai kafaɗata, mai murfi da ƴar sarƙa. A wurina baki baki ne. Na murɗe, na juye ƙwaryar tas, na rufe, na koma aka ba ni ƙuli-ƙuli. Haka muka riƙa yi duk Juma'a, ina jin kaina wata babba.

Daga nan kamiyo ta fara abin da ba ta saba ba. Ta tashi lafiya, ta yi nisa, sai ta kama shaƙewa, ta yi atishawa, ta mutu a tsakiyar daji da buhunan gyaɗa a bayanta. Ranar kasuwar Sassumbrum sai da aka nemo shanu suka jawo ta, yara na binta da waƙa. Baba ya canza buji, wato fulogi, ya kankare wayoyi, ya ciro na gawar ya sa, a banza.

Zargi kuwa ya cika gari kamar hayaƙin ɗanyen itace. Aka fara da masu raƙuma, don motar ta ƙwace musu dakon gyaɗa, aka ce sun binne wani abu a hanya. Aka koma kan maƙeri, wai yana sa mugun ƙarfe don a riƙa komawa wurinsa, har ya daina gaisawa da Baba. Baba ya daina barin kowa ya jingina da motar. In baƙo ya tsaya kallo, sai ya bi hannunsa da ido har ya wuce. Attajirin ya aiko cewa in ba za a iya ba, akwai wani shofer a Magarya da ke jira. Ni duk wannan bai taɓa ni ba, don a ganina magani muke ba ta, da ba don mu ba ma da abin ya fi haka.

Ranar da na kawo musu fura gindin gawo, na tarar Baba ya kwance ƙaramin ƙoƙon da ke shayar da inji. Cikinsa ya yi baƙi, yana danƙo. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya buɗe gindin tanki, ya tara kwalba. Ya fito ya ɗaga ta a rana. Mai na sama, a ƙasa kuwa ga baƙin ruwa kwance, ya kai yatsa biyu.

Na san ruwan nan.

"Wa ke tace isansi?" in ji Baba, bai ko ɗaga murya ba.

"Ni ne, Yaya."

"To hulata ba ta barin ruwa. Ko ba ka tacewa, ko kana rage mai kana cikawa da ruwan kududdufi. An ce ana ganinka da mutanen tsallaken iyaka."

Baba Ƙarami ya karɓi kwalbar. Ya dangwali baƙin da yatsa, ya murza, ya shinshina. Mutumin da ya shekara goma yana dafa tawada da ƙaro ba ya ɓata wannan ƙamshin. Ya dubi ƙofar gida, inda kakata ke zaune tana ɓarar gyaɗa. Sannan ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, ni kuwa na kafe ido a kan ƙwaryar fura.

"Shi ke nan, Yaya," in ji shi. Ya ajiye kwalbar.

Washegari ya ɗaure ƴan kayansa ya tsallaka iyaka. Baba ya ji kunyar gaya wa uwarsa cewa ɗanta ɓarawo ne, sai ya ce mata neman sana'a ya tafi. Ni kaɗai na san gefe biyun maganar, kuma na yi shiru. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ji tsoron bulala, na bar mutum ya tafi da sunan sata. Abin da ya fi muni, da Juma'a ta zagayo kakata ta miƙo ƙwarya, ta ce yanzu saura ɗaya ya rage mata a gida, sai na karɓa. Na kasa ce mata a'a, na kasa zubarwa a ƙasa don sunan Allah ne a ciki. Na je na zuba.

Baba kuwa tun tafiyar ƙanensa ya wanke tanki, yana tace mai da hannunsa, da hularsa. Kwana biyu bayan Juma'ar nan kamiyo ta mutu a hanyar Magarya. Ya sake tara kwalba, ga baƙin ruwa. Na ga lokacin da fuskarsa ta canza, don wanda ya kora yana can wata ƙasa.

Juma'a ta gaba ya yi shirin masallaci, ya fita, ya zagayo ya zauna a bayan gawar motar. Ina murɗe murfi na ji an riƙe min hannu. Bai doke ni ba, da ma ya doke ni. Ya shinshina ƙwaryar, ya ce wa ya aiko ni. Kafin in buɗe baki sai ga kakata a ƙofa.

"Ni ce. Laifi ne in nema maka tsari?"

Baba ya durƙusa, ya ce, "Ba laifi ba ne, Inna. Sai dai ba ta nan take sha ba." Ya ɗaga ni sama, ya buɗe bakin gidan ruwa, na juye rubutun a ciki. Har kakata ta bar duniya ba ta san abin da ƙwaryarta ta yi ba, kuma duk Juma'a Baba da kansa yake karɓa ya zuba.

Ranar Asabar ya tada kamiyo babu kaya, ya tafi neman ƙanensa. Ya same shi yana koyar da yara a wani zaure. Ya dawo shi kaɗai. Na ji yana gaya wa uwata abin da Baba Ƙarami ya ce: tun a gindin gawo ya gane tawada ce, ya ga gara a kira shi ɓarawo da gari ya yi wa uwarsu dariya. Ya yafe. Amma ba zai dawo ba, don ya ga an ɗauki wata guda ana binciken buji da waya kafin a yanke musu hukunci, shi kuwa ko tambaya ta biyu ba a yi masa ba.

Yana zuwa gaida uwarsa duk sallah, a ƙafa, ya koma a ƙafa. Bai sake taka motar nan ba. Ni kuwa kullum sai ya kawo min alewa, bai taɓa tada maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin ba shi haƙuri ba har ya rasu.

Yau babura sun cika hanyar Yekuwa, in abu ya lalace a cire a jefar a sa sabo, babu mai jera kusoshi a kan buhu. Jikana ya dawo da yamma yana sosa ƙeya, ya ce ashe murfin tankinsa ne ya tsage, ruwan sama ya shiga. Na tambaye shi ko ya riga ya yi wa mai man magana. Ya ce ya ɗan yi, amma ba komai, gobe ya wuce ta can. Na ce ya ɗauki takalminsa ya tafi yanzu, tun mutumin yana nan.