Kwalbar da Na Dire a Ƙafarsa

Yana zaune a benci a tashar jirgin ƙasa ta birnin Marburg, dogon tsoho, kwat ɗinsa ta koɗe, igiyar takalminsa ɗaya a kwance, jakar leda a cinyarsa. Kallo ɗaya na yi masa na yanke hukunci: mai tsintar kwalabe ne yana mayar wa kanti a ba shi 'yan canji. Na shanye ruwana, na dire kwalbar kusa da ƙafarsa yadda aka saba yi wa masu tsinta a nan, ko fuskarsa ban duba ba.

Ya ɗauka, ya miƙe da ƙyar, ya nufi wani mutum da ke laluben kwandon shara. Ya cire hula.

"Barka da rana, ranka ya daɗe. Baiwar Allahn can ce ta aiko ni."

Ya miƙa masa da hannu biyu. Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau kuma kai ne masinja, Farfesa?"

Matar da ke gefena ta harare ni. "Rothacker ke nan, tsohon shugaban tsangayar shari'a. Shekara talatin yana koyar da tsarin mulki. Sau biyu ya kayar da ni a kan sashe na ɗaya."

Wannan sashen ko 'yan makaranta sun haddace shi: mutuncin ɗan'adam ba abin taɓawa ba ne.

Ga shi ya dawo ya zauna, yana matsa mini wuri. "Zauna mana, 'yata. Wane aiki kike yi?"

Na kasa gaya masa cewa lauya ce ni.