Lemon Tsamin da Na Matsa a Idon Kaka

Tun da masaƙar da kakanmu yake aiki ta rufe, sabulun da Kaka Saratu take dafawa ne ya riƙe gidanmu a unguwar Nasarawa ta Kaduna. Da yamma in an sauke tuwo, sai ta ɗora tukunyar sabulu a kan sauran wutar, ta zauna tana juyawa da muciya. Mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, amma daga nesa. Takan ja layi da gawayi a ƙasa, kuma duk ranar da wani ya tsallake shi, babu tatsuniya.

"To, ga wata ta iso bakin ƙofa," in ji ta.

"A buɗe mata!" mu amsa baki ɗaya.

Wadda ta fi yawan ba mu ita ce ta wani gari mai rijiya biyu. Ruwan ɗaya tsami gare shi, kowa ya kurɓa sai ya yamutsa fuska. Ruwan ɗayar kuwa santsi ne da shi kamar miyar kuɓewa. Mutanen garin suka toshe mai tsamin, suka riƙa yabon mai santsin. Wata budurwa mai son ado ta shiga wanka da ruwan santsi, ta ji jikinta ya yi laushi, ta ƙara, ta sake ƙarawa, har fatarta ta fara saɓulewa. Wata tsohuwa ce ta buɗe rijiyar da aka toshe, ta sheƙa mata ruwan tsami, ta warke nan take.

"Kun ji ko?" Kaka ta ce, tana nuna mu da muciya. "Tsami yana faɗa maka ga shi nan. Santsi ba ya magana. Kuma maganin santsi, tsami."

A ƙauyensu da ruwan toka ta koyi sabulu, da bakin harshe take gwada ƙarfinsa. A Kaduna ta koma sayen soda a kasuwa, fara kamar gishiri, ƙulle a leda, ba rubutu ko ɗaya a jiki. "Ƙanwar toka ce," takan ce, "sai dai ta fi ta zafin nama."

Ina da shekara sha biyu abin ya faru, wata Asabar da safe. Tana zazzage soda a bokiti, wani dunƙule ya faɗa da ƙarfi, ruwan ya fantsamo mata a fuska. Ta zube tana kiran sunana: "Rahila! Idona!"

Ni kaɗai ce a gida. Na tuna tatsuniyar, na ruga neman lemon tsami. Maman Bulus, maƙwabciyarmu, ba ta nan. Sai da na kai bakin titi wajen mai kayan miya na samo biyu. Na dawo na ɓare mata ido da yatsuna, na matsa. Ihun da ta yi har yau bai bar kunnena ba.

A asibiti wata nas ta tambaya, "Kun wanke da ruwa?" Na faɗa mata abin da na yi. Ta dube ni, ta shige da Kaka ciki. Idon hagu ya tafi, na dama ya rage sai dishi-dishi.

Shekara takwas bayan haka, ina karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje, malaminmu ya zana wani ma'auni a allo, daga sifili zuwa sha huɗu, ya ce sunansa pH. Ruwan sha yana tsakiya, a bakwai. Ƙasa da haka masu tsami ne, lemon tsami wajen biyu. Sama da haka masu santsi ne: ruwan toka wajen sha ɗaya ko sha biyu, soda a can ƙarshe. Ya ce kowane taku ɗaya ninki goma ne. Wato abin da Kaka take kira ƙanwar toka ya ninka tokar sau ɗari, ko ma dubu. Santsin da ake ji a yatsa kuma, maiƙon fatar mutum ne yake narkewa ya zama sabulu.

Na ɗaga hannu. "Malam, in ya shiga ido fa?"

"Ruwa. Ruwa zalla, ki yi ta zubawa kar ki tsaya. Kar ki kuskura ki ce za ki kashe shi da tsami, ƙuna biyu za ki haɗa masa."

Na fita daga ajin, na tsaya bayan gini har aka tashi.

Yanzu a wani kamfani nake aiki a unguwar Kudenda, kullum ina tsoma na'ura a ruwa ina karanta lamba. Na san Kaka ba ƙarya ta yi ba. A cikin kwalba, tsami yana kashe santsi. Rabin gaskiya ta sani, ta ba mu duka da zuciya ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ba ta sauran rabin, har mai sayar mata da sodar. Ta rasu ba ta ɗora mini laifi ba ko sau ɗaya. In zancen ya taso sai ta ce, "Yarinyar nan ta yi gudu saboda ni."

Na yi gudu kam. Randarmu kuwa tana nan cike da ruwa, taku uku daga inda ta faɗi.